Kukan Ƙosasshiya da Hajiya Ke Jira

Dengfeng, Guangzhou

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan ka tashi lafiya, kuma ka karya kamar mutum, ba da wannan taliyar kwali da kake zuba wa ruwan zafi kana kiranta abinci ba. Allah Ya tsare min kai a 'yan kwanakin da suka rage maka a garin nan, Ya tsare ka a sama da ƙasa, Ya sauke ka Kano lafiya cikin 'yan uwanka.

Za ka tarar da takardar nan a ƙarƙashin filas ɗin shayi, ni kuwa ka neme ni ka rasa. Na ce maka zan je duba lodin kwantena a wani gari, kuma gaskiya ne akwai lodin, amma Isuhu, abokin nan nawa Badamagare, zai iya dubawa ba sai na je ba. Guduwa na yi da gangan. Na san halina: in ina nan ranar da za ka je wajen Lawban Chan, wato Maigida Chan da Sinanci, mai gurzar ƙarfe, zan bi ka, in na bi ka zan sa baki, in na sa baki kuwa Ƙosasshiya, motar kakanka, ta sake shiga uku. Ban da haka, kai ɗan fari ne, ban taɓa iya zaunar da kai na yi maka doguwar magana ido da ido ba. Shekarun nan da muka yi a ɗaki ɗaya, kana karatunka na injiniya ina fama da 'yan kasuwa, hirarmu ba ta wuce "an dawo?" "e, an dawo." To yau biro ya cire min kunya, sai ka yi haƙuri da tsawonta.

Ranar da ka ce min aikinka na farko in ka koma gida shi ne tayar da Ƙosasshiya, na ce maka "to, Allah Ya taimaka," na ci gaba da danna waya. Ƙarya nake yi, ba abin da nake dannawa. Daɗi ne ya kama ni har na rasa inda zan sa fuskata. Da ka fita na kira Ummanka na gaya mata, ta ce tun da muke ba ta taɓa jin muryata haka ba sai ranar sunanka.

Ka san motar a ajiye, an lulluɓe ta da tamfol, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Ba ka san ta da ranta ba. Tun ina yaro kakanka Alhaji ya saye ta a hannun wani Ba'amurke da ya zo aikin madatsar ruwa: baƙa wuluk, doguwar gaba, ƙofa biyu, silinda takwas, tana shan mai kamar ba gobe. Alhaji ne ya sa mata Ƙosasshiya. Ba ta da hayaniya. Kukanta daga ƙasa yake fitowa, mai kauri, a natse, kamar babban mutum yana gyaran murya. Hajiya, kakarka, tana daga cikin gida za ta gane ta tun daga kwanar masallaci, a cikin motocin unguwa kaf. Da Alhaji ya rasu injin ya lalace, aka ajiye ta. Yanzu idon Hajiya ya tafi, amma kunnen nan nata yana nan kamar na zomo. Abin da ta roƙe ni guda ɗaya ne. Ta ce, "Garba, ni ba shiga zan yi ba, ba kuma gani zan yi ba. In ji kukanta kawai kafin in bi mai ita." Sau uku ina tayar da motar nan, sau uku tana cewa ba ita ba ce. Ka ga shekarun Hajiya da idonka a hutun bara. Ba mu da sararin yin kuskure na huɗu, shi ya sa zan zayyana maka ukun da na yi.

Na san kun karanta kamshaf a makaranta da zane da lissafi, amma bari in faɗa maka yadda Alhaji ya faɗa min. Ya ce injin mota numfashi yake yi kamar ni da kai. Bawul su ne ƙofofin da iska da mai ke shiga, hayaƙi ya fita. Kamshaf kuwa ita ce sandar nan mai tozaye a jere, tana juyawa, kowane tozo ya turo tafet ɗinsa, tafet ya buɗe ƙofa, sifirin ya mayar da ita ya rufe. Tsayin tozon da faɗinsa su ke faɗa wa ƙofa yaya za ta buɗe, kuma yaushe. Nan muryar mota take. Ka canja salansa, ka canja kafireta, duk kwalliya ce, in tozo ya canja murya ta canja.

Kuskurena na farko, samfur ne ya ja min. Ka san yadda muke yi a garin nan. Bakano ya zo da takalmi ɗaya, ko kwano, ko makullin ƙofa, ya ajiye wa Basine a kan tebur ya ce "sem-sem," wato a yi masa irinsa sak, bayan kwana kaɗan a cika masa kwantena. Da wannan kalmar na ci abinci a Guangzhou, da ita na biya maka makaranta. To zuwana na biyu garin nan sai na naɗo kamshaf ɗin Ƙosasshiya a tsohon zanen Hajiya, na taho da ita a jaka. Na zaga kasuwar kayan mota shago-shago, kowa ya juya ta ya ce "meyo," babu. Isuhu ne ya kai ni bayan gari wajen Lawban Chan, tsoho siriri da tabarau a kan hanci, da sigari a bayan kunne da ban taɓa ganin ya kunna ba.

Na kwance zane na ajiye na ce, "Lawban, sem-sem."

Ya ɗauka ya shafa tozayen da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan wasu guda biyu sai ya tsaya, ya girgiza kai, ya zubo Sinanci. 'Yarsa da ke ɗan jin Turanci ta ce min, "Babana ya ce waɗannan biyun ba su da kyau." Ni kuwa sai jinina ya hau. Na ɗauka raina motar mahaifina yake yi, yana nufin ƙarfen Amurka bai kai nasu ba. Na ce, "Ki gaya masa motar nan ta girme ki. Sem-sem!" Tsohon ya ɗauko takarda ya zana tozo mai tsayi, ya zana wani a kwance, ya nuna min da biro. Isuhu ya taɓa ni ya ce, "Alhaji Garba, ka saurara mana, mutumen nan wani abu yake gwada maka." Na ce, "Isuhu, kai ka san atamfa, ni na san mota." Na buga tebur na sake cewa sem-sem. Lawban ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Hawda," wato shi ke nan.

Abba, wallahi ban taɓa ganin aiki mai kyau irin wannan ba. Tana sheƙi kamar madubi. Ya kwafe min ita tsaf, har da tozaye biyun da shekaru suka cinye suka kwantar. Na sayi sabuwar tsohuwa! Na kai Kano, na haɗa injin ina fito, na tayar. Silinda shida suna aiki, biyu suna barci. Hajiya ta saurara daga kan tabarmarta ta ce, "Garba, wa ya taka wa motar Alhaji ƙafa? Ɗingishi take yi."

Don haka ka riƙe wannan: ba duk abin da ka tarar a jikin tsohon abu ne asalinsa ba, wani zaizaya ce. Kafin ka ce a kwafa, ka tantance wanne ne ƙirar maƙeri, wanne ne cin zamani. Ni kaina in za ka kwafe ni, ka ɗauki tashin asubata da riƙon amanata, ka bar min buga teburina, wannan tozon ya cinye. Kuma duk mai sana'ar da ya tsayar da kai sau biyu a kan abu ɗaya, ka ja kujera ka zauna, ko da ba ka jin yarensa.

Na biyu ya fi ban dariya, kuma har yau Ummanka in tana son tsokanata shi take ɗaukowa. Wata Juma'a mun fito daga Masallacin Huaisheng, muna tsaye muna cin tsiren ragon nan da ake gasawa a bakin hanya, sai ga Mumuni, wani Bahaushen Kumasi mai safarar wayoyi. Ya ji ina ba da labarin ɗingishi sai ya ciro waya ya nuna min hoton bidiyon motocin tsere na Amurka, irin Ƙosasshiya sak, suna tsaye suna kaɗawa kamar za su tsinke igiya. Ya ce, "Massa, motan nan naka, in ka sa mishi babban kam, zai yi kuka kaman zaki. Kano duka zai fito kallo." Ban tambaye shi ko ya taɓa riƙe sifana ba. Na manta da Hajiya, na manta da abin da aka aike ni. Ni dai na hango kaina a titin gidan gwamnati ana nuna ni da yatsa.

Na koma wajen Lawban Chan na zana masa tozo dogo mai faɗi, na ce haka nake so. Ya dube ni ta saman tabarau. Ya kama sitiyarin iska da hannu biyu ya yi tuƙi a hankali, yana taka birki yana tsayawa, sannan ya yi wani tuƙin da gudu yana "buuu" da baki, ya buɗe hannu yana tambayata wanne. Na zaɓi na gudun mana. Ya ce hawda.

Kai, Abba! Da na tayar da ita a ƙofar gida, tagogin maƙwabta sai da suka amsa. Mota tana jijjiga, tana tari, tana kamar za ta mutu ta fasa. Yara suka cika layi suna ihu, ni ina ta washe baki. Sai aka aiko daga cikin gida wai Hajiya tana kira. Na shiga da fara'ata. Ta ce, "Wa ya kawo injin markaɗe ƙofar gidana? A gaya masa ba mu da wake yau."

Ban daddara ba, na fita da ita gari. Irin wannan kamshaf ɗin ba ta son tafiyar hankali, ita a sake ta kawai, mu kuwa Kano gosulo ne da 'yan acaɓa. Duk tsayawa sai ta mutu. Abin da ban sani ba kuma, birkin motar da zuƙar iskar injin yake samun taushi, babban tozo kuwa yana rage wannan zuƙar. Wajen Kasuwar Rimi na taka birki na ji shi kamar dutse. A hankali, ina salati ina kallo, Ƙosasshiya ta je ta sumbaci teburin wani mai lemo. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdulillahi, amma lemo ya bi titi har kwata. Ranar a gidanmu an sha lemo har an aika wa maƙwabta. Washegari na ce bari in kai ta hanyar Zariya inda za ta sake. Na taka mai, ta ɗauka kamar gaske, raina ya yi fari, sai na ji ƙaf-ƙaf-ƙaf. Na bar tsofaffin sifirin a kan sabon tozo mai tsayi, suka kasa mayar da bawul da wuri, fistin ya taso ya same su a hanya. Da muka buɗe, bawul sun lanƙwashe kamar ƙugiyar mahauta. Motar rake ce ta jawo ni gida.

To ka ji. Ka zaɓi kamshaf don hanyar da motar za ta bi kullum, ba don hanyar da ka gani a wayar wani ba. Kuma kafin ka sayi komai ka tambayi kanka: wa ya aike ni? Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Za ka haɗu da irin su Mumuni da yawa a Kano, mutanen kirki ne, ka ci tsire da su, ka yi dariya da su, amma kada su zaɓa maka ƙarfe, kada kuma su zaɓa maka mata.

Na ukun shi ne wanda ba na iya yi wa dariya sosai, don saura ƙiris. A lokacin na yi laushi. Na je na ce wa Lawban a yi min matsakaiciya, ya gwada min da yatsu, na gwada masa da yatsu, muka tsaya a kan abin da ido ya ga ya yi. Na sayi sababbin bawul, na sayi sifirin. Tafet ne na nema aka yi ta ce min meyo, jirgina kuma ya matso, sai na ce ai tsofaffin suna nan a gida, lafiyarsu ƙalau. Lawban ya ce in jira ya haɗa min nasa, na ce sauri nake yi.

Na haɗa, na tayar. Ta yi kama, Abba. Na bar ta a silo, tana bugawa a hankali, na ruga ciki. Na tarar Hajiya ta ajiye carbi, ta karkata kai wajen ƙofa. Can ta ce, "Ta kusa. 'Yar uwarta ce, amma ta kusa." Don murna na bar motar a silo na aika a kira maƙwabta su zo su ji, aka kawo shayi, ana ta barka. Ashe kashe ta nake yi. Sabuwar kamshaf ba a barinta a silo a tashin farko, don a silo mai ba ya fantsama ya wanke tozaye, ga kuma tsofaffin tafet da suka riga suka saba da wata sandar suna gurzar sabuwa. Kafin sati ya zagayo tozo ya kwanta, ɗingishi ya dawo. Hajiya ba ta tsokane ni ba a wannan karon. Cewa ta yi, "Ka huta haka, Garba, ka yi ƙoƙari." Na fi son ta ce min injin markaɗe sau goma da wannan maganar.

Sauri ya haifi nawa, ka ga dai yadda ya haifa min. Ga abin da nake so ka yi, in ka ga ya dace da karatunka, in kuma karatunka ya fi nawa gani to bi karatunka, ba zan ji haushi ba. Ka jawo akwatin da ke ƙarƙashin gadona, kamshaf ɗin asali tana ciki a zanenta. Tozaye biyu ne suka mutu, sauran suna da rai. Ka sa ma'auninka ka nemo mafi lafiya a cikin na shan iska, ka nemo mafi lafiya a cikin na fitar da hayaƙi, don ba ɗaya suke ba. Waɗannan biyun za ka ce wa Lawban sem-sem, ya bi su ya gyara sauran. Abin da tsohon nan yake zana min ke nan a takarda tun ranar farko. Kai da kake jin yarensu, ka gaya masa na gane, ko da yake na makara. Ka kai masa ganyen shayi mai kyau. Kada ka kai masa goro, na taɓa ba shi, fuskar da ya yi har yau tana idona.

Kada ka baro garin nan sai da kayan a haɗe: kamshaf, tafet sababbi, sifirin da aka auna ƙarfinsu da wannan tozon, da bawul ɗinsu. Sifirin in ya yi laushi ka ji abin da ya faru a hanyar Zariya, in ya yi tauri kuma shi zai cinye tozon. In an ce meyo ka jira, in jirgi zai tafi ya tafi, akwai wani. Mai shagon da ya ce maka meyo ya fi min wanda komai ka nuna masa zai ce akwai, ya shiga ciki ya fito da abin da ya ga dama. Ka duba mazaunin bawul a kan injin, man yanzu ba irin na zamanin Alhaji ba ne, yana cin mazauni in ba mai tauri ba. Kafin ka ɗaure kan injin ka ɗora ɗan yumɓu a kan fistin, ka juya injin da hannu, ka buɗe ka ga zurfin da bawul ya taka, don ka san akwai tazara. Ka shafe tozaye da man haɗa inji sosai. Ranar tashin farko kuwa ka yi shi a garejin Malam Sabo, nesa da gida, ka riƙe mata wuta sama da silo na ɗan lokaci mai tsawo, kana ɗan ɗagawa kana saukewa, ba shayi, ba 'yan kallo.

Malam Sabo shi ya koya min riƙe sifana, kuma zai yi maka faɗa a kan abin da ka fi shi sani. Ka ce "to, Baba," ka yi abin da yake daidai, in ta tashi ka ce albarkacinsa ne. Ba za ka ragu da komai ba.

Akwai bargo mai laushi da na saya wa Hajiya a unguwar Liwan, yana saman kabad, da turaren Ummanka. Ka gaishe min da Ummanka, ka gaishe da ƙannenka, ka ce wa Baffa Sani ina nan tafe in kaya sun tashi. Ka je ka yi sallama da Isuhu da mutanen masallaci, garin da ya ba ka ilimi ba a barinsa kamar ɓarawo. Ka riƙe sallarka a kan lokaci ko hannunka duk baƙin mai ne, sabulu bai ƙare a Kano ba. Ina alfahari da kai, Abba. Ga shi na rubuta, ba sai ka tambayi Ummanka ba.

Saura abu ɗaya. In ta tashi ta zauna daidai, kada ka gaya wa Hajiya, kada ka bari yara su kai mata labari, kada ma ka kira ni tukuna. Ka wanke motar, ka bari sai bayan la'asar, ka taho da ita ta kwanar masallaci a hankali, ka tsaya a ƙofar gida ka bar ta tana bugawa. Kada ka yi ham, kada ka fito. Ka sauke gilashi ka saurara. In ka ji ta ɗaga murya daga ciki ta ce, "Ku buɗe ƙofa, Alhaji ya dawo," kada wanda ya gyara mata. Ka bari a buɗe, ka shigo da motar.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya sa albarka a hannunka, Ya ja kwanan Hajiya ta ji da kunnenta. Amin.

Mahaifinka,
Garba